Ɗan Fari da Garmar da Ta Ƙi Tsayawa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na sha faɗa wa mutane wannan magana a ƙofar gidajensu. Ga shi yau ana faɗa mini ita a ƙofar nawa, ina amsawa kamar na gane abin da ake cewa.

Ranar Asabar, goma ga watan Mayu, kafin azahar, Allah Ya karɓi ran ɗana na fari. Ya rasu a kasuwar Gudu, a gaban shagon mai sayar da kayan gyaran mota, da ƙaramar leda a hannunsa. Bai yi jinya ba. Ko ciwon kai bai faɗa wa kowa ba. Aka yi masa sutura a nan Sheda bayan la'asar. Ya bar mahaifiyarsa Azumi, da matarsa Sa'adiya, da 'yarsa Khaula, da ƙannensa, da ni, Maude mai tarakta, wanda shi ya kamata a ce ana yi wa wannan rubutu.

Mai karatu zai ga ban faɗi sunansa ba. Ba mantuwa ba ce, ko da yake wanda ya tsaya a aji huɗu na firamare ana iya zarginsa da komai. Mu da muka tashi a bayan shanu, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. In an zo an ce ya yi abin kirki, sai uban ya kalli sama ya ce da alama za a yi ruwa. Haka mahaifina ya yi wa yayana, haka na tarar, haka na yi. Ni da ban bar kowa ba a garin nan, na tsokani liman, na tsokani sarkin pawa, har masu tsaron hanya na raɗa musu suna, mutum ɗaya ne bakina yake zuwa kansa ya tsaya cik. Yana ƙarami “wancan” nake ce masa. Da ya gama jami'a ya samu aiki a wata ma'aikata ta tarayya a cikin gari, sai Allah Ya rufa mini asiri da kalmar Injiniya.

To, Injiniya, da kai zan yi magana yanzu. Kunyar da nake ji ta idonka ce, idon kuma an rufe shi da ƙasa ina tsaye.

Kusan duk wanda ya zo gaisuwa, in ya gama addu'a, sai ya matso ya rage murya ya ce, “Ko taraktar ce?” Mutane sun daɗe suna jiran ranar da tsohuwar nan za ta danne wani. Ina so in wanke ta a bainar jama'a: ba ita ba ce. A lokacin da ka faɗi tana nan gindin mangwaro, cikinta a buɗe, ko tashi ba za ta iya ba. Ni ma da na kwana ina tsoron ta, ta inda na sa ido ba ta nan abin ya zo ba.

Ga wanda bai san ta ba, tarakta ce ja, ko kuwa a ce ta taɓa zama ja. Na sayar da shanuna na saye ta a gwanjo tun kana rarrafe, a lokacin ma an ce ta tsufa. Dangi suka ce Maude ya haukace, ya ba da abin da ke haihuwa ya karɓi abin da ke shan mai. Muka sa mata suna Hajiya Babba. Ita ta yi noman da aka biya maka makaranta da shi, ita take yi wa rabin garin nan huɗa. Injinta lafiya ƙalau, sai tari da safe kamar kowane tsoho. Ciwonta yana baya, a hannuwan nan biyu da suke ɗaga garma da ƙarfin mai, abin da kuke cewa haidirolik. In na ja sanda, sai ta yi tunani tukuna. Ta ɗaga kaɗan, ta yi shaƙuwa, ta ƙara. In rana ta take mai ya yi zafi, ta ƙi gaba ɗaya. In kuwa ta ɗaga, kafin in juya ƙarshen kunya garma ta sulalo ƙasa tana jan hanya. Na taɓa yi wa titin makarantar firamare huɗa kyauta ban sani ba, sai da hedimasta ya biyo ni a kan keke.

Maganina a lokacin igiyar guga ce. In zan hau titi in sa mutane su ɗaga garmar, in ɗaure ta. Na canza bakanikai kamar yadda ake canza hula. Kowa ya zo ya saurara ya ce famfo ne, a sayi sabo. Ni ma na haddace, duk wanda ya tambaye ni sai in ce famfo ne, in girgiza kai kamar na san inda famfon yake zaune.

Bana, da rani ya fara ja baya, ka ce ya isa. Ka zo ranar Asabar cikin farar shadda, ka shiga ɗakina ka fito sanye da tsohon wandona da ya tsaya maka a ƙwauri. Tunda ni ba zan dube ka in yi doguwar magana ba, kai ma ba za ka dube ni ka ce na yi kuskure ba, sai muka mai da Hajiya Babba 'yar aike. In dafa ta in ce, “Hajiya, ki gaya wa likitanki famfo ne, kada ya ɓata mana rana.” Kai kuma ka sunkuya kamar kana yi mata raɗa, ka ce, “Hajiya, ki ce wa mai gidanki ba a fara zargin na ciki sai an tambayi na bakin ƙofa.” Mahaifiyarka ta ce tunda ta haife ka ba ta taɓa jin mun yi hira mai tsawon wadda muka yi da bakin ƙarfen nan ba.

Na bakin ƙofa shi ne mai. Ka zaro sandar awo ka nuna wa Hajiya, ba ni ba. Abin da ya kamata ya zama kamar zuma ya koma fari-fari kamar kindirmo. Ka ce ruwa ne ya shiga. Na ce ƙarya ake yi mata, Hajiya ba ta shan ruwa sai ta gaba. Ka zagaya, ka ɗaga robar da ke gindin sandar giya, ga ta a yage. Sannan ka tambaye ta a hankali, “Hajiya, wa yake kai ki wanka?” Ni ne. Duk Juma'a nakan kora ta rafi in tsayar da ita a tsakiyar ruwa in yi ta sheƙa mata bokiti tun daga kai har wutsiya. Haka na saba yi wa abin da nake so tun ina kiwo, ba wanda ya taɓa gaya mini tarakta ba saniya ba ce. Ka juya baya kana tari. Na san dariya ce, na kuma gode da ka mai da ita tari.

Muka zubar da kindirmon. Ka ciro 'yar rariyar da take tace mai kafin ya shiga famfo, ta toshe da laka da garin ƙarfe, da wani ƙyalle mai zanen shuɗi. Ka ɗaga shi da tsinke kana juyawa. Na gane shi tun daga nesa, guntun hulata ce da na taɓa toshe wani rami da ita shekarun baya, na yi ta cigiyar inda ta shiga. Na ce, “Hajiya, ashe ke ce ɓarauniyar.” Ka wanke rariyar da kalanzir, ka zuba sabon mai irin wanda ya dace, ba tarkacen da nake haɗawa ba. Ranar ta ɗaga garma da sauri har na tsorata. Na fara shirin yin rawa. Ka ce in kashe inji. Na kashe. Muna tsaye muna kallo garma ta fara saukowa sannu-sannu kamar tsohuwa mai neman wurin zama, har ta dire.

Na ce to ga shi nan, famfo ne. Asabar ta gaba ka aro geji mai auna ƙarfin mai, ka ɗaura, allura ta hau inda ake so ta tsaya. Ka ce, “Hajiya, ki gaya masa famfo yana aikinsa, an daɗe ana ɓata masa suna. Yana turawa, wani ne a sama yake zubarwa.” Ka kwance murfin gefe, muka ɗaga garma, muka kashe inji, ka haska tocila ciki. A nan ne ka manta da 'yar aike, ka ce, “Baba, zo ka gani.” Na zo. Kaina da naka suka haɗu a bakin rami ɗaya, ina jin warin kalanzir da turarenka na ofis. Mai yana tsiyaya daga sama kamar rufin ɗaki a watan Agusta. Ka ce can ne fistin yake, wanda mai yake turawa ya ɗaga hannuwa, kuma robar da ta kewaye shi ta mutu. Ban ji rabin bayanin ba. Tun kana cikin zane ban taɓa kusantarka haka ba.

Wata Asabar ɗin muka cire kujera, muka rataya murfin sama a reshen mangwaro da sarƙa, don nauyinsa ya fi ƙarfin mutum biyu. Ka zaro fistin. Ga robar, zobe ne da bai fi awarwaron Khaula ba. Ka matsa ta da yatsa ta karye kamar ƙuli-ƙuli. Shekara da shekaru ina ɗaure garma da igiya, ina zagin famfo, ashe abin da ya durƙusar da Hajiya Babba zai shiga aljihun yaro.

Akwai dokokinka biyu da duk wanda ya tsaya kusa ya san su. Ta farko, ba a shiga ƙarƙashin garma sai an kafa kututture, ko da inji yana aiki, ko da za a ɗauko sifana ne kawai. Ta biyu, wanda ke kan kujera ba ya taɓa sanda sai ya kira sunan wanda ke baya, ya kuma ji ya amsa. Ta farkon ba ta dame ni ba. Ta biyun ce ta zame mini ƙaya. Na gwada hon, ka ce hon ba suna ba ne. Na gwada fito, ka ce ba ka cikin garke. Na ce “Injiniya”, ka amsa, amma ka ce wa Hajiya, “Injiniyoyi a Abuja sun fi tsuntsaye yawa. Ran da wani ya amsa daga Gwagwalada fa?”

Ranar da muka ga robar, na ce Hajiya ta tambaye ka ladan aikinka, don kada a ce na ci ƙarfin ma'aikacin gwamnati. Kana goge hannu da tsumma, ba ka ɗago ba. Ka ce, “Ki ce masa ba shi da yawa. In an gama, ya kira ni da sunana sau ɗaya. Ina so in ji yadda yake fita a bakinsa, ko ya iya.”

Na ji abin har tafin ƙafata, amma bakin da ya saba ba ya rasa hanya. Na ce, “Hajiya, ki ce masa ba a biyan aikin da ba a gani ba. In garma ta tashi, aka kashe inji, muka je muka yi la'asar muka dawo muka tarar da ita a sama, to zan kira.” Ka ce, “Hajiya, ki zama shaida.” Mahaifiyarka tana bakin ƙofa da tsintsiya, ta ce mu biyun ba mu da kunya, ta shige ciki.

Ban gaya wa kowa ba, amma a makon nan na yi ta gwadawa a gona ni kaɗai. In buɗe baki, harafin farko ya fito, sauran ya maƙale. Na ce ba komai, akwai lokaci, wataƙila ma robar ba za a same ta ba.

Asabar ɗin na tashi da wuri. Na wanke fistin, na shimfiɗa buhu, na jera notuna yadda ka bar su. Mahaifiyarka ta dama fura. Ka ce za ka biya Gudu ka karɓi robar wurin Godfrey, mutumin da kake sayen kaya a hannunsa, sannan ka wuce. Da hantsi ya ɗaga waya ta yi ƙara, lambarka ce. Na ɗauka da shirina, na ce, “Hajiya ta ce ko a ƙafa kake tahowa?” Sai na ji wata murya daban, mai tsintacciyar Hausa. Ya ce, “Baba, ni Godfrey ne. Ka zo. Oga ta faɗi a shagona. Mun kai shi asibiti.” Na ce faɗuwa kamar yaya, santsi ne? Ya ce, “Baba, ka zo kawai.”

Ban san wanda ya tsayar mini da mota ba. Na san mun wuce Gwagwalada, mun wuce Giri, ina ta shirya abin da zan tsokane ka da shi, Injiniya guda ya faɗi a kasuwa kamar buhun masara. Har na zaɓi wanda ya fi daɗi. Da shi na shiga asibitin a bakina.

An lulluɓe ka. Takalmanka suna gefe a jere, wani ya kyauta ya jera su. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya, kafin a iso da kai an riga an gama. Wannan baki nawa har ya fara haɗa wata magana game da famfo, na danne ta da haƙori. Na ɗaga mayafin. Fuskarka kamar ka ji wani abin dariya kana jiran a gama ka mai da shi tari. Na taɓa hannunka, akwai sauran baƙin mai a gindin farcenka tun na makon jiya. Na ce wa likitan ya sake dubawa, mutumin nan ba ya yarda da awo ɗaya. Ya dafa kafaɗata.

Wata ma'aikaciya ta zo ta ce, “Baba, kai ne mahaifinsa? Mene ne sunan mamacin?” Na buɗe baki. Ta jira. Ta sake tambaya da ƙarfi, ta zaci kurma ne ni. Ina tsaye a kanka, an ce ka mutu, amma harshena yana nan yana jin kunyarka kamar za ka ɗago ka kalle ni. Godfrey ne ya matso ya faɗa mata. Mutumin da ya san ka a kan kanti ya faɗi sunanka tiryan-tiryan, ni da na yanka ragon sunan ina kallon bango.

Daga nan har maƙabarta ban riƙe komai ba. An ce na tsaya a sahu, an ce na zuba ƙasa, an ce na yi wa mutane godiya. Tsofaffinmu sun yaba, sun ce Maude ya yi yadda ake yi, ko ɗigon hawaye bai zubar a kan ɗan fari ba. Ba su san ba ƙarfin hali ba ne. Ban yarda ba ne kawai. Har yanzu in mota ta rage gudu a bakin titi sai in gyara hula.

A zaman makoki na san ka fiye da yadda na san ka kana raye. Felicity, maƙwabciyarmu Bagwariya da mijinta ya rasu ya bar ta da gona da yara, ta zo ta zauna a ƙasa ta ƙi tabarma. Ta ce duk shekarar da nake yi mata huɗa kafin kowa ina cika baki cewa ni mai tausayi ne, kai kake zuwa ka zuba man a ɓoye, ka ce kada ta gaya mini don kada ta rage mini jin daɗi. Matan rugar bayan dutse suka ce kai ka gyara musu injin niƙa, da suka kawo maka man shanu ka ce su kai wa Azumi su ce kyauta ce daga gare su. Abokan aikinka suka zo da manyan motoci, suka ce kowace Juma'a in ana shirin hutun mako kai kana cewa za ka je duba wata Hajiya mara lafiya a Sheda, har wasu suka fara yi wa Sa'adiya tsegumi. Ita ta ba su amsa, tana kuka tana dariya.

Godfrey ya dawo bayan mutane sun ragu. Ya durƙusa ya miƙo mini 'yar ledar da aka ɗauke daga hannunka. Ya ce ka sa ya fito da robobi kala-kala, kana gwada kowace da tsohuwar, har ka samu daidai. Ya ce, “Ranar Oga tana murna sosai. Ta ce mini, Godfrey, yau babana zai kira sunana. Na ce, Oga, babanka bai san sunanka ba? Ya yi dariya, ya ce ya sani, ajiya ya yi.” Ya ce ka juya za ka tafi, ka dafa kanti, ka ce ya ba ka kujera. Kafin ya ɗauko an gama.

Na karɓi ledar na rataye a ƙusa. Na ce ba mai sake taɓa Hajiya Babba, ta ruɓe a nan. Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, mutane suna wucewa suna kallon mangwaro, ba mai iya yi mini magana. Mahaifiyarka ce ta yi. Ta ajiye mini abinci ta ce, “Malam, Yaya bai bar aiki a buɗe ba tunda yake.” Yaya take ce maka, bakin ƙannenka ta ara, ita ma sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ta ce, “Gonar Felicity tana jira. Kuma akwai abin da na ji an yi alkawari ina riƙe da tsintsiya.”

Na kira Godfrey. Ya ce kafin ya buɗe shago ya yi shekaru yana gyara, ya rufe shagonsa ya zo. Muka yi yadda ka tsara. Ya jiƙa robar da mai kafin ya sa, na ce haka Injiniya ya ce a yi. Ya duba cikin silinda, ramin da fistin yake zama, da yatsa ko akwai karce, babu. Maƙwabta suka kama sarƙa muka sauke murfi. Da ya sunkuya zai ɗauko noti a ƙarƙashin garma, na ji kaina ina cewa a kafa kututture tukuna, ko da yake garmar tana ƙasa. Ya kafa bai yi musu ba.

Na hau kujera. Hajiya ta yi tarinta ta tashi. Na ce, “Godfrey.” Ya ce, “Na'am, Baba, na matsa.” Na ja sanda. Babu tunani, babu shaƙuwa, garma ta tashi tsaf kamar yarinya ta ɗauki tulu. Na kashe inji. A daidai nan aka kira la'asar. Godfrey ya ce in je, shi zai zauna ya yi gadi, ba wanda zai taɓa.

Allah Ya yafe mini sallar nan, ban san abin da liman ya karanta ba. Rabin zuciyata yana roƙon garma ta tsaya don aikinka ya cika, rabi yana roƙon ta sauka don in samu wurin ɓuya. Na dawo ina jan ƙafa. Na karyo kwana. Tana sama. Ko faɗin yatsa ba ta sauko ba. Godfrey ya tashi ya cire hularsa. Azumi tana bakin ƙofa, Sa'adiya a bayanta da Khaula a kafaɗa.

Na hau kujera, don daga nan ne aka ce a kira. Na dafa sanda. Ban ce Hajiya ta gaya maka ba. Na juya baya, inda kake tsayawa da tsumma a kafaɗa, na ce:

“Fatihu.”

Ya fita lafiya. Ashe na iya. Suna ne mai sauƙi, ba ya ko cika baki.

Na jira. Dokarka ce, ba a taɓa sanda sai an ji amsa. Na zauna hannuna a kai, garma tana sama, mangwaro yana zubar da ganye a kan buhun da na shimfiɗa. A nan ne na yarda. Ba a asibiti ba, ba a maƙabarta ba, a kan kujerar tarakta, da na kira ba a amsa ba. Abin da tsofaffi suka yaba mini a kai ya rushe a gaban suruka da jika da baƙo, ban kuma nemi tari in ɓoye shi ba.

Ban san iya zaman da na yi ba. Sai na ji muryar Azumi kusa da taya. Ta ce, “Sauke, Malam. Babu kowa a baya.”

Na sauke. Washegari na yi wa Felicity huɗa, ban kuma gaya wa kowa ni mai tausayi ba ne.

Ya Allah, ga bawanka Fatihu ɗan Maude. Na rubuta shi da hannuna, na kuma faɗa da bakina. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa ya amsa tambaya da natsuwar da yake bin aiki da ita. Duk kunyar da garmar nan za ta tayar, duk bakin da zai ci daga gare ta, Ka kai ladan gare shi. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ka haɗa mu a can, inda zan kira ya amsa.

Azumi, ke kika ɗauke shi, ke kika fi kowa iya shiru, Allah Ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kike nunawa. Sa'adiya, 'yata, gidan nan gidanki ne, Allah Ya dafa miki, Ya saka wa iyayenki na Bwari da suka zauna tare da mu. Khaula, in kin girma kin iya karatu fiye da kakanki, ki karanta wannan ki san wane ne ubanki. Ƙannensa, ku riƙe dokokinsa biyu. Abokan aikinsa, da mutanen Sheda Musulmi da Kirista da suka cika ƙofar nan, na gode. Godfrey, kai ka riƙe kansa a lokacin da ba na nan, ka kuma ara mini bakinka a lokacin da nawa ya ƙi, Allah Ya saka maka da alheri.

Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Fatihu, Allah Ya jiƙanka. Fatihu, Allah Ya yi maka rahama. Amin.

Mahaifinka,
Maude mai tarakta, Sheda.